Teburin da Ke Bakin Ƙofa

Parkchester, 4 ga Maris

Yaya Susana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Mama da ƙafarta? Yaya sanyin Jos?

Fim ɗin da abokina Bege ya shirya ya ƙare, bayan shekara biyu muna ɗauka duk Asabar. Labarin wani kamfani ne da ya ajiye baƙar fata ɗaya a bakin ƙofa, da kwat da taye, don baƙi su gani, sauran baƙaƙen kuma suna can ƙasa suna aikin wahala. Ni ne na bakin ƙofar. Mun nuna shi a wani ɗan zaure a titin 125th Street, nan ƙasar turawa, mutane har da hawaye don dariya. Abena, 'yar Gana mai shara a ofishinmu, ta fito a ciki, amma ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Choji, ni da gaske a can ƙasan nake aiki."

Ƙaninki,
Choji

Jos, 20 ga Maris

Choji,

Muna lafiya, Mama na gaishe ka. Ban gane ba. Kana cin tuwon kamfanin inshora, kana kuma yi wa irinsu shaƙiyanci a gaban jama'a? Idan manajanka ya gani fa? Shekara tara ka yi kafin ka sami wannan aiki. Ka yi hankali.

Yayarka,
Susana

Parkchester, 11 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da shiruna.

Manajan ya gani. Da ya kira ni, na ɗauka kora ce. Sai ya miƙo mini hannu yana dariya, wai kamfani ya sayi fim ɗin, za a riƙa nuna wa ma'aikata don su koyi zama da juna. Bege ya sayar, ya kuma yanke ƙarshen, inda na ƙasa suka ajiye aiki suka hau sama. Na buga masa waya. Ya ce, "Na gaji, Choji. Ina da yara biyu." Ban iya zaginsa ba, ni ma gajiyar ce.

An ba ni sabon muƙami da tebur kusa da ƙofa. A makon ne aka sallami masu shara duka, har da Abena, aka kawo masu araha. Sau uku ke nan ina zama cikin turawa ina kallon fuskata a fim ɗin, suna tafa mini.

Naki,
Choji

Jos, 25 ga Yuni

Ƙanena,

Ni na ce ka yi hankali, amma ba wannan nake nufi ba. Ban faɗa wa Mama ba. Matar nan fa, ka neme ta?

Allah ya tsare,
Susana

Parkchester, 9 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa. Ita ta neme ni. Tambayarta ɗaya: ko ina da fim ɗin da ba a yanke ba. Ina da shi. Bege ya gargaɗe ni, ya ce lauyoyin kamfanin ba sa wasa.

Ranar Asabar za mu kalla a falonta a titin Grand Concourse, da duk waɗanda aka sallama. Ta ce in zo da kujera, nata ba za su isa ba.

Ki sa ni a addu'a.

Choji