Keken Ɗinki Ya Shigo Gidana, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma yau ina da labarin da ya fi ƙarfin cikina, kuma ke ce ya kamata ki fara ji.

Inna, na yi ɗinki. Ni ɗin nan da kika yi shekaru kina jawowa gaban kekenki ina zillewa da sunan karatu, har kika gaji kika ce, "Yi bokonki, allura dai ba ta fushi, za ta jira ki."

Ga shi boko ya kawo mu Manchester. Baban yara yana jami'a, ni ina ɗaki a unguwar Longsight, takarduna suna barci a akwati. Ɗan aikin da na samu a ɗakin karatu na unguwa bai shekara ba aka rufe wurin, wai gwamnati tana tsuke bakin aljihu. Zama ya ishe ni, na shiga ajin ɗinki na mata da ƙaramar hukuma ke yi kyauta. Ba a jima ba shi ma aka ce za a rufe shi.

Malamarmu, wata dattijuwar Baturiya mai suna Doreen, ta ce kekuna uku za a bar wa ɗalibai, mu kuwa mu goma sha ɗaya ne. Kowa ta ɗinko matashin ado mai hoton lokacin kaka da ragowar ƙyalle, aikin hannu shi zai raba gardama. Na so keken nan har cikin raina, don in na rasa shi komawa zan yi zaman kallon bango.

Kakarsu a nan, ganye ne ke yin ja ya zube. Kowa ganye ta yanka. Nawa na yi ta gwadawa yana fitowa kamar kunnen akuya, har na yi fushi na ce ni kakar da na sani ba zubarwa take yi ba, kawowa take yi. Damin dawa zan ɗinka, wanda bai gane ba ya tambaya.

Na kwance ƙunshin ƙyallayen da kika cusa mini a akwati ina ta mita. Ja da ruwan ƙasa akwai, ruwan ɗorawa babu. Sai da na hau bas har Birmingham wurin Anti Rahila, maƙwabciyarmu ta Kaduna mai aiko mana shinkafar Kirsimeti, yanzu a unguwar Aston take. Ta ba ni ragowar zanen zumuntar matan cocinsu. Da ta ga guntun atamfarki ta gane shi nan take, muka zauna muka sha kuka.

Tef ɗin awo ya rikita ni, na ajiye shi na auna da taƙin hannu yadda kike yi. Ashe duk gudun da nake yi idona yana kanki.

Inda na kwafsa shi ne wajen ciko. Na ɗura wa matashin auduga irin ta gida, ina dannawa da gwiwar hannu har ya tsaya ƙyam. Ranar nunawa na tarar na kowa laushi kamar burodi. Doreen ta danna nawa, yatsanta ya ƙi shiga, aji ya kwashe da dariya. Kunya ta rufe ni, na ce shi ke nan, keke ya tafi.

Sai Doreen ta juya matashin, ta ja bakin ɗinkin da ƙarfinta, ko zare ɗaya bai motsa ba. Ta daɗe tana shafa zangarniyar dawar, sannan ta tambayi wanda ya koya mini wannan ɗinkin hannu. Na faɗi sunanki a gaban kowa. Da aka zo rabon kekunan ni aka fara kira, Inna, ni ce ta farko.

Jiya na ɗauko keken a bas, na rungume shi a cinya duk nauyinsa, ina murmushi ni kaɗai kamar wata zautacciya. Yanzu yana gefen taga, kuma tuni mata biyu suka kawo mini gyaran riga. Farin cikina bai da iyaka, abu ɗaya ne ya rage mini, ki leƙo ki ce ɗinkin ya karkace.

Allah ya haskaka kabarinki, ya saka miki da Aljanna a kan kowane zare da kika ja don mu ci mu sha.

Taki har abada,
Bilki, telar Longsight