Ƙwai Biyu a Cikin Hula

Zongo, Kwatano

Yaya Zainabu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da mutanen Malanbil baki ɗaya. Tunda kunnenki ya daina shiri da waya, ga takarda ta hannun Fataou direba.

Ragunan layya sun iso. Kin san al'adarmu, sai mun kai su bakin teku mun wanke kafin mai saye ya gani. To bana mun tarar an kewaye rabin yashin da igiya, an kafa allo mai hoton wata 'yar tsuntsuwa da ba ta kai kurciya ba. Wai irinta na ƙarewa, kuma a nan take ƙwai. Cikin masu igiyar har da 'yarki, Kaoutar tawa, da 'yan lakwal ɗinsu, wato makarantarsu, kowa da hoton tsuntsuwar a ƙirjin riga. Ta ce mini, "Baba, ku matsa da ragunanku can gaba." A gaban abokan sana'ata fa.

Abin ya tsaya mini a rai. Wace irin tsuntsuwa ce za ta bar bishiya ta yi ƙwai a ƙasa? Shekaranjiya da safe na tsallake igiyar in gani. Na kuwa gan ta, abin tausayi, fiffike a karye tana jan sa. Na bi ta in kama in ɗaure mata, ta ɓace mini. Da na juyo sai ga ƙwai uku a fili, masu ɗigo-ɗigo. Na ce uwa ta nakasa, waɗannan marayu ne. Na sa biyu a hula na kai wa kazata mai kwanci, yadda Inna ke yi da ƙwan zabi. Ɗaya na bar shi a gurbin, ko Allah zai sa ta warke.

Ban faɗa wa Kaoutar ba, so nake in ba ta mamaki. Ke da kika san tsuntsayen kogi, me zan ba 'ya'yan in sun fito?

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Sirajuddeen

*

Gwaggona,

Ina gaishe ki, ya ƙafa? Na ga Baba ya ba Fataou takarda, na ce nima bari in cusa tawa.

Gwaggo, raina a ɓace yake. Gurbi ɗaya tal muka samu a duk yashin nan bana, ƙwai uku, yanzu saura ɗaya. Uwar na nan kwance a kansa. Na duba, babu sawun kare, babu kofaton rago, sai sawun wani ƙaton takalmi. Wa zai saci ƙwan da bai cika cokali ba? Kuma me ya sa ya bar ɗaya? 'Yan ƙungiyarmu ta kare tsuntsaye sun ce masu raguna ne. In cikin mutanen Baba ne, ban san da wane ido zan dubi kowa ba. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi. Shi ko a jikinsa, wuni yake yana leƙa akurkin kaji yana murmushi.

Ki sa mu a addu'a.
'Yarki, Kaoutar

*

Malanbil

Siraju,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai na yi dariya har ƙafata ta motsa.

Kai da kake gane rago mai ɗingishin ƙarya tun daga nesa, 'yar tsuntsuwa ta sayar da kai ta karɓi kuɗin! Lafiyar fiffikenta ƙalau. Muna da danginta a yashin Kwara, haka suke yi in sun ga mutum, su ja shi nesa da ƙwansu. Da ba ka tafi Kwatano tun kana ɗan mitsitsi ba, da ka sani.

Kaza ba ta san bakin ruwa ba, me za ta koya musu? Tsattsagi? Uwarsu na raye, tana kan wanda ka bari. Ka mayar da su yau, da ɗuminsu, a cikin hular da ta sato su. Ko za ta karɓa, Allah masani.

Kuma kada ka je a ɓoye. Yarinyar nan sawun ɓarawo take nema, takalmin kuwa kullum yana ƙofar ɗakinka. Gara ta ji daga bakinka. Na san da nauyi, amma ɓarin da aka yi a gida, a gida ake kwashewa.

Ka gaida kazar, ta yi ƙoƙari.
Yayarka, Zainabu

*

Zongo, Kwatano

Yaya,

Salamu alaikum. Na faɗa mata. Ta daɗe tana kallon takalmina, na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Sannan ta ce, "Baba, ɗauko hular."

Na ajiye su kusa da ɗan'uwansu. Sai ga baiwar Allah ta fito, ta saki fiffike tana ja. Kaoutar ta ce, "Baba, bi ta." Na bi ta kuwa, ina sane, ina miƙa hannu kamar zan kama, har ta kai ni inda ta ga dama ta tashi. Kaoutar na can nesa tana kallo da madubin hange. Ta ce tsuntsuwar ta koma, ta juya su da baki, ta kwanta a kan duka ukun. Ko za su ƙyanƙyashe, ba mu sani ba tukuna.

Ragunan can gaba muke wanke su yanzu, ni ke tare hanya. Na tambaya ko akwai rigar nan mai hoto daidai ni, ta ce sai an ɗinka.

Ki huta lafiya.
Sirajuddeen