Yini Ɗaya a Gidan da Aka Fitar da Mu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, na roƙe ka ka ɓoye sunana, sunayen da ke ciki ma duk na sauya su. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau tawa ce ta kawo ni. Don girman Allah ku taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, kwana huɗu ke nan ina juya magana ɗaya a raina na kasa ajiye ta.

Ni uwa ce mai 'ya'ya uku. Mun shekara goma sha ɗaya a Umdurman a gidan yayan mijina, Yaya Haruna, shi ya ce mu zauna mu riƙe masa, kuma bai taɓa karɓar haya ba, wannan gaskiya ce ba zan ɓoye ta ba. Mijina walda yake yi a garejin Yayan a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Da yaƙi ya tashi muka gudu Gadarif, da muka dawo muka tarar ba ƙofa ba taga, har wayar wuta an zare daga bango. Mu muka gyara, ina kwaɓa ƙasa yana yaɓe. Kahraba kuwa, wato wutar lantarki, har yau ba ta dawo unguwar ba. Autata Safiya shekararta tara, tana da asma, likita ya ba mu 'yar na'urar da ake zuba magani ta shaƙa, amma na'urar sai da wuta. In ciwon ya tashi sai in goya ta, ƙafafunta na dukan gwiwata, in nemi raksha, keken haya mai ƙafa uku, zuwa kantin maganin da ke da janareta.

Ana haka wata baiwar Allah, Ustaza Amal, ta zo daga wata ƙungiya mai sa wa talakawa sola. Ta tara mu mata ta gaya mana gaskiya, ta ce su ba su da ko sisi, rubutawa suke yi ga masu bayarwa a ƙasashen waje, su kuma masu bayarwar sai sun ga sunaye sun ga fuskoki hannunsu yake buɗewa. Ta nemi wadda za ta bi gida gida ta rubuta, mata suka nuna ni, saboda na yi shekara uku a ajin yaƙi da jahilci. Sati uku ina yawo cikin rana da littafina, wasu mazan su kore ni su ce mun gaji da masu rubuta suna su ɓace, in koma washegari in sake sallama. Daga baya Ustaza ta ce tana so a ɗauki bidiyon Safiya. Raina bai so ba, mijina ma bai so ba, ciwon ɗa ba abin nunawa duniya ba ne. Maƙwabciyata Inna Kaltume, tsohuwa mai ciwon suga, ita ta zaunar da ni ta ce in daure, rufin asirin unguwa ne gaba ɗaya. Na zauna gaban kyamara da murhun gawayi a gefena, yarinyata na numfashi kamar ana jan zarto, na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa ko 'yan uwana ba. Ustaza da bakinta ta ce wannan bidiyon ne ya kawo taimakon.

Abin da aka samu ya ishi rabin gidajen ne, sauran sai masu bayarwa sun zo sun gani da idonsu. Namu aka fara sa wa. Akwai takardar da mai gida zai sa wa hannu, cewa iyalin da aka yi dominsu za su zauna a ciki aƙalla shekara uku. Yaya ya sa hannu yana dariya, ya ce ko shekara talatin ne. Mijina da hannunsa ya yi waldar ƙarfen da aka ɗora faifan sola a kan rufi. Wata huɗu muka yi cikin abin da ban san sunansa ba sai dai in ce sauƙi. Ciwo ya tashi in jona na'ura a ɗaki, kafin shayi ya tafasa yarinya ta dawo daidai. Mata suna kawo wayoyinsu caji tsakar gidana, allurar Inna Kaltume tana cikin ɗan firjin da aka haɗa mana da shi.

Sai auren ɗan Yaya ya taso, dangin amarya suka ce 'yarsu ba za ta zauna gidan duhu ba. A gareji Yaya ya gaya wa mijina mu tashi mu bar wa ango da amarya gidan, mijina ya dawo ya kasa cin abinci. Na tuna masa takarda, ya ce shi ba zai ɗauki takarda ya tsaya gaban wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu ba. Na ce to a kwance solar mu tafi da ita, aka aiko mini cewa abin da aka kafa a gini na gini ne, kuma da lambar gida aka rubuta ba da sunana ba. Ban yi faɗa ba, ban iya ba ma. Ɗakin da muka samu a Aljirif yake, can tsallaken kogi, kusa da inda ake gasa jan bulo. Ku da kuka san wurin kun san hayaƙin, wanki ma in ka shanya sai ya ɗauki warinsa. Yarinyar da aka nemo wuta da numfashinta, ita ce yau take kwana take tashi a cikinsa, na koma goyo da neman raksha. Ustaza ba ta sani ba. In ta kira ta tambayi Safiya sai in ce alhamdu lillahi, don an ce in rufa, kuma ni ma kunya nake ji kamar ni na yi laifin.

Ranar Litinin Ustaza ta kira da murnarta, ta ce baƙin, wato masu bayarwar, za su zo Asabar, kuma gidan Safiya suka ambata da suna, ita suke so su gani. Ban san yadda Yaya ya ji ba, washegari sai ga shi a Aljirif, zuwansa na farko, da ledar sukari da dabino. Ya zauna bakin gado, shi kansa sai da hayaƙin ya sa shi tari. Ya ce abu ne mai sauƙi, ranar mu koma gidan da sassafe, in ɗauko labulena da tukwanena da na'urar, amarya za ta yini gidansu, baƙi su sha shayi su yi hoto, da la'asar mu kama hanya. Magana ɗaya na yi, a hankali na yi ta.

"Yaya, ita yarinyar fa? In la'asar ta yi me zan ce mata?"

"Haba Maman Safiya, yaro ai mantuwa gare shi. Ki saya mata alawa a hanya."

Mijina yana zaune yana kallon tabarma. Bayan an tafi ya ce in yi haƙuri, in na buɗe baki aikinsa na gareji ya tafi, zumunci ya tafi, kuma ba wanda zai ce Yaya ya yi laifi, ni za a ce na tona asirin dangi gaban baƙi. Na tambaye shi ko akwai abin da ya rage na asirina da ban riga na tona gaban kyamara ba, ya tashi ya fita.

Abin da ya fi karya ni zuwan Inna Kaltume ne jiya. Tsohuwar nan ta hau mota biyu ta ƙetare kogi da ƙafarta mai kumburi. Tana cikin rabin da ba a sa wa ba. Yanzu ƙofar tsohon gidanmu mai firjin a kulle take yini, allurarta a jiƙaƙƙen tsumma take naɗewa ta ajiye gindin randa. Ba ta kare Yaya ba, ta ce Allah na gani, har ta yi masa baƙar addu'ar da ba zan rubuta ba. Amma ta ce mutanen nan in suka ji gidan farko ma an karya alkawari, za su ce duk unguwar haka take, su juya da abinsu wani gari. Ta kama hannuna ta ce, "'Yata, da wannan hannun kika rubuta sunana. Kar ki goge shi."

To jama'a ga inda nake. In na je na zauna na yi murmushi, na taya wanda ya zalunce ni rufe zaluncinsa, na yi wa Ustaza ƙarya ido da ido, matar da ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, kuma an sake yin talla da ciwon 'yata a ɗakin da ba ta da ikon kwana. In na kira Ustaza a ɓoye na gaya mata, ma'aikaciya ce, ban sani ba ko dole ta kai maganar sama, in kuwa aka fasa sauran gidajen da wane ido zan kalli matan da suka ba ni sunayensu. In na ƙi zuwa, za a tambaya ina muke. Amaryar ban riƙe ta a raina ba, yarinya ce an kai ta inda aka kai ta. Waɗanda suka san aikin ƙungiyoyin nan, don Allah ku gaya mini, laifin mutum ɗaya yana sa a hana kowa? Malamai kuma, shirun da zai amfani maƙwabta ƙarya ce ko ba ƙarya ba ce?

Safiya tana bayan labule lokacin da Yaya yake magana, rabin zancen ta ji. Tun ranar ta wanke yunifom ɗin tsohuwar makarantarta, ta sa na'urar a jakarta ta ajiye bakin ƙofa, kullum da safe sai ta tambaye ni saura kwana nawa mu koma gida. Har yanzu ban gaya mata yini ɗaya ba ne. Ku gaya mini, ranar Asabar in kama hannunta mu je, ko in kira Ustaza tun yau?