Inna Ta Jiƙa Littafin Kimiyya

Goggo Yalwa, ki taimake ni, wasana ya girme ni.

Ni saurayi ne daga wani ƙauye kusa da Wad Haddad. Karatuna na allo ne, ban taɓa zama kan bencin madarasar boko ba. Ƙanwata Nasiba tana aji biyu na mutawassita, wato ƙaramar sakandare, lissafi kuma ya sa ta gaba. Innarmu kullum tana tambayata abin da za ta yi wa ɗiyarta, ita da ba ta san ko alif ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da tsokana. Sai na haɗe fuska na ce mata ai lissafi ma shan sa ake kamar rubutu, a kwafe a allo, a wanke, a kurɓa. Na zaci muciya za ta jefo mini. Wallahi sai ta ɗauko tsohon allona.

Tun daga ranar, kowace yamma Nasiba sai ta kwafe darasinta, Inna na zaune kanta da ƙwarya. In ta kuskure a goge a sake, don Inna ta rantse ɗiyarta ba za ta sha kuskure ba. To Goggo, aka yi imtihanin wata, yarinya ta zo ta uku!

Yanzu ƙauye ya rikice. Mata na kirana Ustaz. Mato maƙwabcinmu ya shayar da ɗansa jugrafiya, wato darasin labarin ƙasa, yaro ya wuni yana zagayawa, uban ya ce Kogin Nil ne ke wucewa. Baba ma ya fara shawarar ba jakinmu ranakun ban ruwan gona ya sha, ko ya riƙa zuwa shi kaɗai.

Jiya kuma Inna ta ga kwafi na cin lokaci, ta tsoma littafin kimiyya ɗungurungum a tukunya. Su uku ke karatu da shi, Nasiba da ƙawayenta, ga babban imtihani ya ƙarato. Nasiba ta daina yi mini magana. In na faɗi gaskiya Inna ta sha kunya a gari, in na yi shiru littafin tarihi ne na gaba.

Naki, Ustazun ƙarya.

Ɗana Ustaz,

Na yi dariya har shayina ya zube, amma Nasiba ba dariya take ba.

Ba ruwan allo ya kai ta ta uku ba. Kwafin ne, da gyaran kuskure, da uwa zaune gefenta kowace yamma. Innarka ta yi abin da iyaye masu ilimi da yawa ba su yi ba, tukunyar ce kawai ta wuce gona da iri. Kada ka kunyata ta. Same ta ita kaɗai, ka ce wasa ka yi, ka nuna mata zamanta ne maganin. Ta ci gaba da zama, ta rage wa yarinya aikin yamma, ta ajiye ƙwarya. Rubutun sha yana da alfarmarsa, ba abin tsokana ba ne. Mato ma ka hanzarta wurinsa kafin ɗansa ya sha Bahar Maliya.

Littafi kuwa bakinka ne ya jiƙa shi. Ku je wurin malamar kimiyya kai da Baba, don ya kamata ta san fuskarsa, ku aro wani. Karatunsu da Larabci ne, hannunka kuwa ya saba da shi, sai ka zauna ka kwafe wa 'yan matan nan darussan imtihani, Nasiba na karanta maka tana gyara ka.

Allah ya ba ta nasara, ya saka wa Inna da alheri. Jakin kuwa a bar shi da jahilcinsa.

Goggo Yalwa