Allurar Maruƙa Na Yi Wa 'Yar Yayana

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni tukuna kafin ku zage ni, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni makiyayi ne a wata ruga ta ƙasar Sule Tankarkar. Na ɗan shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa duk abin da ke da rubutu ni ake miƙo wa. Ranar kasuwar Maigatari nakan sayo kwalaben fenisilin saboda maruƙanmu, da na ga maraƙi na miƙewa da allura ɗaya sai na fara jin kaina likita. Da Yayana zai yi kudu da shanu ya bar min amanar 'yarsa Hajara, yarinyar da ko famfara ba ta yi ba. Duk sanda tari da zazzaɓi suka kama ta sai in zuƙo ɗan kaɗan in yi mata, da ta tashi wasa in ajiye sirinji. Wa ya gaya min cika kwanakin allura ake yi? Har daɗi nake ji in ta ce, "Baffa, na warke."

Yanzu ga ta kwance a asibiti a Gumel da ciwon haƙarƙari, numfashi sama-sama, ana ta yi mata fenisilin amma zazzaɓin ko gezau. Da jin labari Yaya ya baro kudu ya dawo. Jiya likita ya tsare mu ni da shi, ya ce, "Malam, an taɓa yi wa yarinyar nan allura a gida? Ƙwayar cutar in ta saba da magani kaɗan-kaɗan takan daina jin sa. Ku faɗa min gaskiya in san wanda zan canja." Yaya ya yi caraf ya ce, "A hannun ƙanena take, likita, shi ko mai karatu ne, ba zai yi wannan gangancin ba." Ni kuma na buɗe baki na ce, "Ko sau ɗaya."

Wallahi kunya da tsoro ne suka sa ni ƙarya. Wane irin baffa ne ni? In na faɗa, Yaya ba zai ƙara kallona ba. In na yi shiru, likita zai ci gaba da lalube yarinya tana ƙarewa, yau ko nonon da uwarta ta dama ba ta iya haɗiya ba.

Jama'a, ku dubi Allah ku faɗa min, me zan yi?