Takardar da na karanta wa Malam ranar da aka kwashe simintin rijiya

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, tare da dukkan masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai tsine mani ya daure ya kai ƙarshen takardar nan tukuna. Na san abin da na aikata, ba sai an gaya mani ba. Shekara huɗu ke nan ina gaya wa kaina safe da yamma har na gaji da jin muryata, shi ya sa na kawo maganar gaban waɗanda ba su san fuskata ba. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Ni mutumin ƙasar Kurfi ne, zama ya kai ni Dutsin-Ma, aikina kuwa laccar siyasa. Ba zan faɗi jam'iyyata ba, domin da na faɗa rabin masu karatu za su ce ai dama halinsu ne, sauran rabin su ce biyana aka yi in yi sharri, shi ke nan babu mai sauraron abin da ya kawo ni. Ranar kasuwa ake ɗaukata a mota, a kafa mani gangar kananzir in hau, a miƙo mani lasifika in tona asirin 'yan ɗaya jam'iyyar. Allah ya ba ni baki, wannan kam ba zan ɓoye ba. Tun kafin Turawa su tafi nake wannan aiki, kuma a farko in na hau gangar nan har masu awon hatsi kan kife mudu su matso. Wane ya kwashe kwanon rufin makaranta ya rufe shagonsa, wane ya karkatar da irin gyaɗar manoma zuwa gonar surukinsa. Wasu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa a cikin mota muke ƙera su kafin mu isa. Su ma suna da nasu mai laccar, wani dogon mutum, yana yi mana irin haka a ɗaya gefen kasuwa. In an tashi mukan haɗu wajen mai tsire mu gaisa, har ya tambaye ni ya maƙogwaro.

A ƙauyen da aka haife ni, can wajen Barkiya, akwai liman da zan kira Malam Isiyaku. A gabansa na yi karatun allo har na sauke kafin a kai ni makarantar boko, shi ya ɗaura mani aure, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. Garinmu yana fama da ƙishirwa. Da rani ya yi nisa sai a tafi rafi a yi ta tonon yashi kafin a cika tulu ɗaya. Mazan gari suka yi gayya suka haƙa rijiya, bayan doguwar magiya hukuma ta aiko da siminti don a ɗaure ta, aka ce magini zai zo bayan damina. Sai rigima ta tashi kan inda za a ajiye shi, domin siyasa ta riga ta raba garin, namu ba su yarda a kai gidan nasu ba, nasu ba su yarda a kawo gidan namu ba. To a garinmu tun kakanni duk abin da aka ce amana ne zauren liman ake kai shi, kayan marayu ne ko hatsin wanda ya yi tafiya. Da aka ce a kai zauren Malam, kowa ya yarda ya ɗauki buhu.

Shugabanmu na yanki a lokacin, zan ce masa Alhaji Bawa, yana gina babban shago a Dutsin-Ma, siminti kuma ya yi wuya. Ya kira ni ya ce aro kawai zai yi, kafin magini ya zo ya mayar. Ya ce ko mun bar shi waɗancan ne za su kwashe, gara mu riga su, kuma shagon ai ofishin jam'iyya za a buɗe a gefensa. Ya ce matsalar ɗaya ce, liman ba zai saki ba sai da takarda, ni kuwa ɗan gida ne. Shin ban san ƙarya yake yi ba? Na sani. Ni da nake hawa ganga kowane mako ina ba da labarin irin wannan aron, yaushe na taɓa jin an mayar? Amma na ce wa zuciyata namu daban ne, namu don talakawa suke yi. Wallahi haka na ce, kuma har na ɗan yarda.

Malam yana karanta Larabci da ajami kamar ruwa, amma bai san boko ba. A aljihuna akwai wata tsohuwar takardar izinin lacca, da hatimi a ƙasanta da sunana a samanta. Ranar kasuwar Kurfi, da maza suka watse daga gari, na hau keke na riga motar da Alhaji zai aiko isa. Bayan azahar ne, na same shi a zaure, ya sa aka kawo mani fura, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na fito da takardar na ce daga hukuma take. Ya ce in karanta masa. Na riƙe ta da hannu biyu na karanta abin da babu shi a ciki, wai an ba da umurni a mayar da siminti ma'ajiyar hukuma kada damina ta jiƙa shi ya daskare. Ko harshena bai sarƙe ba. Ya karɓa ya daɗe yana duban hatimin.

"Haka ta ce?"

"Haka ta ce, Allah shi gafarta Malam."

Ya naɗe ta ya sa a cikin gafakarsa. Da motar ta zo da direba da 'yan dako baƙi, shi da kansa ya ɗage musu asabarin ƙofa, har yana cewa su yi a hankali kada buhu ya fashe.

Damina ta wuce, magini ya zo, babu siminti. Aka je hukuma, suka ce ba su san zancen ba. Aka taru a ƙofar mai gari, ina can baya a tsugune. Malam ya ce takarda aka kawo aka karanta masa. Aka ce wa ya karanta? Ya ce wanda ya yarda da shi. Aka ce wane ne, ya ce ba zai faɗa ba. Aka ce to ya fito da takardar, ya ƙi. Da aka matsa masa sai ya ce, "Amana ni aka ba, a hannuna ta salwanta. In kamu ne, ni za ku kama." Ko sau ɗaya bai dubi inda nake ba. Ni kuwa da baki ne sana'ata, ranar ko tari ban yi ba.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Alhaji Bawa ya ce tilas mu riga su magana kafin waɗancan su ɗora mana. Kasuwar da ta biyo na hau ganga na ce jama'a su tambayi kansu a zauren wa aka ajiye simintin, kuma ƙanen wa yake yawo da bajen waccan jam'iyya a ƙirji. Ban ambaci suna ba, amma wa bai gane ba? Dogon mai laccar nan nasu ya mayar da martani, ya ce ai ɗalibin liman ne yake riƙe da lasifikarmu, don haka mu liman ya sayar wa. Muka sa dattijon nan a tsakiya kowa yana tattaka shi don ya kai ga abokin hamayyarsa. Bayan mako biyu wani sabon abin kunya ya fito, na maganin shanu, muka koma kansa, kasuwa ta manta da siminti. Ƙauye ne bai manta ba. Sahun bayan Malam ya yi ta raguwa har aka gabatar da wani ya riƙa jan salla, iyaye suka kwashe allunan 'ya'yansu, aka daina kawo amana zaurensa. Alhaji ya buɗe shagonsa aka yi walima, na ci shinkafar. Rijiyar kuwa damina ta gaba ta rufta.

Tun daga nan ban daina hawa ganga ba, sai dai mutane ne suka daina matsowa. Na lura da shi a hankali. In na ce an ci amanar talakawa, sai wani ya ɗago daga ciniki ya ce yau kuma wa ya ci, ya mayar da kai kafin in ba shi amsa. Sun ji na kwano, sun ji na gyaɗa, sun ji na maganin shanu, sun ga babu wanda aka kama, babu abin da aka mayar. In nasu ya yi mu ce sata, in namu ya yi mu ce sharrin maƙiya, su ma haka. Wa zai ga laifinsu don sun toshe kunne? Mu muka toshe musu shi.

To bana Alhaji Bawa ya sami saɓani da manyanmu ya koma waccan jam'iyya da motarsa da shagonsa. Kwana uku ba a yi ba sakatarenmu ya kira ni ya ce lokacin maganar siminti ya yi, in fito da ita duka, in dai cire abin da ya shafe mu. Ashe sun sani tuntuni. Kunyar da nake ji ita ce murna na yi, na ce ga hanyar wanke Malam ba tare da na jiƙa rigata ba. Na hau ganga a kasuwar Kurfi na faɗi gaskiya da iyakar muryata, cewa Alhaji ne ya aiko da mota, simintin yana jikin bangon shagonsa, liman bai ci komai ba. Ban taɓa faɗin magana mai gaskiya kamar wannan a kan ganga ba, kuma ban taɓa ganin an yi banza da ni kamar ranar ba. Wata mai daddawa ta aiko a ce in rage ƙarar, ba ta jin masu saye. Wani tsoho mai sayar da igiya, ɗan garinmu, wanda da hannunsa aka haƙa rijiyar, ya dube ni ya ce, "Da shina naku ba ka sani ba, sai yau?" Can ɗaya gefen kuma dogon nan yana rantsuwa Alhaji mutumin kirki ne, shi da ya shekara biyar yana kiransa ɓarawo.

Na kasa komawa Dutsin-Ma. Na ari keke na nufi garinmu, na isa da la'asar. Zauren Malam fayau, babu allo ko ɗaya a jingine. Idonsa ya yi rauni, sai da na yi sallama ya gane ni da murya. Ya sa aka kawo mani fura kamar wancan karon, na kasa sha. A nan na ji ya bar wa ƙanensa gonarsa, da an yanke dawa zai kama hanyar gabas shi da matarsa, ko Allah zai sa su kai Makka. Mutum mai waɗannan shekaru, a ƙasa! Na san ba zai dawo ba, shi ma ya sani. Na ce masa na wanke shi a kasuwa yau. Ya ce ya gode, amma shi ba a kasuwa yake zaune ba, mutanen da suka bar binsa salla a masallacin nan suke, ga shi can ana hangensa daga ƙofa. Sai ya jawo gafaka ya lalubo takardar, ta yi ja don daɗewa.

"Ban taɓa ba kowa ya karanta mani ita ba," in ji shi. "Malamin gona ya sha zama nan wurin, shina da boko. Tsoron abin da zan ji nike yi."

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ni..." Ya ɗaga hannu.

"Kai ka karanta mani ita da farko, ɗana. Riƙe ta. In ka shirya ka zo ka sake karanta mani. Ko mu biyu, ko gaban jama'a, wanda duk ka iya."

Ga ni yanzu da ita a aljihu. Zan iya yaga ta, babu sauran shaida a duniya, kuma na san ba zai taɓa buɗe baki ba. Zan iya zuwa in karanta masa mu biyu in yi kuka, ya yafe mani, domin na san zai yafe, sannan ya tafi gabas da sunan maci amana. Ko in tsaya a ƙofar masallaci bayan salla, babu ganga babu lasifika, in karanta sunana da bakina a gaban mutanen da suka yi gayyar rijiyar, cikinsu har da uban matata. In na yi haka ina jin gidan yari zan tafi, matata ban san ko za ta zauna ba, namu za su ce an saye ni, waɗancan su ce ai mun faɗa. Wannan duka ina jin zan iya ɗauka. Abin da ya fi tsorata ni shi ne in tona wa kaina asiri, in zubar da komai, sannan su dube ni irin duban da mai igiya ya yi mani su ce wannan ma siyasa ce, su shige gida. Shekara nawa na yi ina koya musu kada su yarda da abin da ya fito daga bakina?

Jama'a, an gama yankan gero, dawa ta fara sunkuyar da kai, Malam kuma ya riga ya sa an ɗinke masa jakar tafiya. Don girman Allah ku ba ni shawara kafin ya bar garin. Me zan yi?