Ƙashin Bayan Maiɗakina da Ɗakin Awon da Aka Kulle

Daga:
Mijin majiyyaciya mai kati lamba 40/7718,
Ma'aikacin gidan waya mai ritaya,
Layin bayan tashar mota.

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Likitoci,
Babban Asibiti.

11 ga Maris, 2024

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RASHIN AUNA ƘARFIN ƘASHIN MAIƊAKINA CIKIN SHEKARUN DA ASIBITINKU YA ƊORA TA KAN MAGANIN FIREDINISOLON, DA KARAYAR DA TA BIYO BAYA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a madadin maiɗakina, wadda ba ta iya zama ta riƙe alƙalami a halin yanzu. Na yi aikin ofis har na yi ritaya, na san yawan takardun da ke kan tebur irin naka, don haka zan yi ƙoƙarin taƙaitawa. In na zarce, a yi mini uzuri.

1. Maiɗakina tela ce, shekarunta hamsin da huɗu. A watan Yuni na 2017 likitocinku suka tabbatar tana da amosanin gaɓɓai, bayan yatsunta sun kumbura har ta kasa riƙe almakashi. Aka ɗora ta kan ƙwayar firedinisolon, ɗaya daga cikin magungunan da kuke kira sitiroyid. Gaskiya ɗaya ce, maganin ya yi mata aiki. Kumburin ya saɓe, ta koma kan kekenta, har ta riƙa yi wa ƙwayar kirari da 'yar ƙaramar likita. Ban zo in ɓata magani ba, ban kuma zo in ce an yi kuskuren ba ta shi ba.

2. Tun daga lokacin ba ta taɓa tsallake ranar ganin likita ba. Ni nake kai ta, ni nake riƙe mata jaka a kan dogon bencin nan na ƙofar ɗakin duba masu ciwon gaɓɓai. Kusan kowane zuwa sabon likita muke tararwa. A auna jini, a auna suga, a tambaye ta yaya yatsu, a sabunta maganin, a kira na gaba. A duk tsawon shekarun nan babu wanda ya buɗe baki ya ce mana wannan ƙwaya, in aka daɗe ana sha, tana cin ƙashi. Babu wanda ya ce akwai awon da ya kamata a yi mata, ko wani abin da za ta haɗa da shi don kare ƙashinta. Da an faɗa, wallahi da ta bi. Mace ce da in likita ya ce ta sha magani da ƙarfe bakwai, ba ta kaiwa bakwai da kwata.

3. A cikin 2022 ta fara kukan ciwon baya. Ta faɗa wa likitan da ke aiki ranar, ya ce zaman keke ne, ta sa matashi a kujera. Ta sa. Da ta sake kai kuka wajen wani, ya yi dariya ya ce shekaru ne suka fara sallama. Ita ma ta taya shi dariyar don kunya.

Amma ita tela ce, ranka ya daɗe, idonta ba ya kuskure awo. Ta lura dogayen rigunanta sun fara jan ƙasa, ta kalmashe su, bayan 'yan watanni suka sake ja. Tun muna da ƙuruciya ta fi ni tsawo, 'yan uwanta Doguwa suke ce mata, takan kuma tsokane ni cewa in ina son ganin abin da ke saman kabad in nemi izininta. Wata safiya muna tsaye gaban madubi sai na ga kafaɗarmu ta zo daidai. Na ce ashe dai na fara girma. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko tef ɗin awonta ta miƙo mini ta ce in auna ta. Wannan ma ta faɗa a asibitinku, aka ce rankwafawa ce, ta riƙa miƙe baya.

4. Ranar 19 ga Satumba, 2023, Allah ya haɗa mu da wata matashiyar likita, wadda ta zauna ta karanta fayil ɗin maiɗakina tun daga farko. Ta tambaya yaushe aka yi mata awon ƙarfin ƙashi na ƙarshe. Muka dubi juna, domin ranar muka fara jin sunan abin. Ta yi mana bayani cewa na'ura ce da mutum zai kwanta a kan gadonta ta bi ta kansa, babu allura babu zafi, ta nuna ko ƙashi ya fara zama holoƙo. Nan take ta rubuta a yi.

5. Ɗakin awon yana ƙarshen barandar sashen hoto, kusa da matakala. Ranar da aka ba mu, 3 ga Oktoba, mun tarar da kwaɗo a ƙofar. Ma'aikacin da ke kan tebur ya ce na'ura ta lalace, mu dawo a Nuwamba. Muka dawo, kwaɗon yana nan. Aka ce Disamba. A Disamba aka ce sai bayan sabuwar shekara. Duk zuwa sai ta hau matakalar nan tana dafe da kafaɗata, tana tsayawa tana numfashi. Na tambaya ko akwai wani wurin da za a tura mu, aka ce ba su da umarnin turawa. Na tambaya ko za a fara ba ta wani abu kafin awon, aka ce sai sakamako ya fito. Ita kuma matashiyar likitar an mayar da ita wani sashe.

Daga baya shugaban sashen hoton da bakinsa ya shaida mini cewa tun ƙarshen Oktoba aka gyara na'urar. Mai sarrafa ta ne aka yi wa canjin wurin aiki, ba a kawo madadinsa ba. Ke nan sau biyu maiɗakina ta tsaya a ƙofar ɗakin da lafiyayyar na'ura ke ciki, aka ce mata ta lalace.

6. A watan Nuwamba 'yarmu ta fari ta haihu, ta sami 'ya mace, jikarmu ta farko bayan dogon jira. Tun cikin yana ƙarami maiɗakina ta ɗinka wa jaririyar kaya cike da akwati. Ranar 16 ga Janairu, 2024, da hantsi, tana yi wa yarinyar wanka a tsakar gida. Ta sunkuya ta ɗago ta daga baho. Ina zaune a ƙofar ɗaki na ji ƙara kamar an taka busasshen kara. Ba ta yi ihu ba, ba ta kuma saki yarinyar ba. Ta durƙusa a hankali a cikin ruwan sabulun da ya zube, ta rungume ta a ƙirji, ta kira 'yarmu da wata murya da ban taɓa ji ba, ta ce: "Zo ki karɓe ta, yi sauri." Sai da ta ga yarinyar ta shiga hannun uwarta sannan ta kife.

Jaririyar da ba ta kai wata uku ba, ranka ya daɗe. Nauyin da ya karya bayan maiɗakina ke nan.

7. Bayan an kwantar da ita a ɗakin masu karaya, cikin mako guda aka samo wanda ya buɗe ɗakin awon. Babban likitan ƙashi ya nuna mini hoto da sakamakon. Ya ce ƙasusuwa uku na gadon bayanta sun rufta, ɗaya sabo ne, biyu kuwa sun daɗe, watau ciwon bayan da aka ce zaman keke ne. Ya ce ƙashin ƙugunta ma ya zaizaye kamar na tsohuwa tukuf, kuma da an auna da wuri akwai magungunan da za su rage ɓarnar. Yanzu an fara ba ta su. Ina godiya, amma ihu ne bayan hari.

8. Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru a ɗakin nan ranar 24 ga Janairu. Wata nas tana gyara mata gado, ta ce mata a gaban sauran majiyyata: "Ku dai sai kun lalata kanku da shan ƙwaya sannan ku zo ku cika mana gado." Maganar nan ta zauna wa maiɗakina a rai. Har yau tana cewa laifinta ne, ita ce ba ta yi tambaya ba, ita ce ta kusa halaka jikarta.

9. Halin da take ciki yanzu shi ne, tana kwance a gida da abin ɗaure baya, ba ta zuwa banɗaki sai an riƙe ta. Tari ma tsoronsa take ji. Ta sa an lulluɓe keken ɗinkin an tura shi bayan ƙofa. Ta so ta daina shan firedinisolon ɗin, likita ya ce ba a yanke shi lokaci guda, sai a hankali, in ba haka ba ranta na cikin haɗari. Don haka kowace safiya ni nake ɓallo ƙwayar da hannuna in miƙa mata da ruwa. Takan dube ta, ta dube ni, ta haɗiye.

In 'yarmu ta kawo mata yarinyar, sai ta tura hannuwanta ƙarƙashin bargo. Ko a gefenta aka ce za a kwantar da ita ba ta yarda, cewa take a tsaya da ita daga bakin ƙofa ta gan ta.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon ofishinka:

(a) A binciki dalilin da ya sa aka bar ɗakin awon a kulle bayan an gyara na'urar, da wanda ya ba da umarnin a riƙa ce wa marasa lafiya ta lalace.

(b) A sa doka cewa duk wanda zai daɗe kan irin wannan magani a gaya masa illarsa ga ƙashi, a kuma auna shi a kan kari. Mutanen da muka yi shekaru muna zama da su a bencin nan suna nan suna karɓar ƙwayar, ban kuma ji wanda aka aika ɗakin awon ba.

(c) A ja kunnen nas ɗin. Maiɗakina ta hana ni bayyana kamanninta, ta ce kada a raba wata da abincinta ta dalilinta, na kuwa bi maganarta.

(d) Ranar 26 ga wannan wata za mu dawo ganin likitan ƙashi. Ina roƙo, don girman Allah, wani babba daga cikinku ya samu minti biyar ya tsaya a kanta, ya gaya mata da bakinsa cewa ba laifinta ba ne. Na faɗa mata, 'yarmu ta faɗa mata, ba ta ji ba. Shekara bakwai duk abin da likitocinku suka ce shi take ɗauka. Wannan ma in daga bakinku ya fito za ta yarda.

Ina fatan wannan takarda za ta samu kulawarka. Allah ya ƙara girma, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naka cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Mijin majiyyaciya mai kati lamba 40/7718